Wa Ya Zaɓa wa Mutumin Ribah Burauzarsa?

A watan Maris na 2022, da fitowar Chrome na 100, kamfanin Google ya cire wani tsari mai suna Lite mode daga wayoyin Android. Aikin tsarin shi ne ya rage nauyin shafi kafin ya sauko cikin waya, domin data ta yi auki. Hujjar da kamfanin ya kafa ita ce kuɗin data ya sauka a ƙasashe da dama. Shekara uku ba ta cika ba, a Janairun 2025, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda ya ga data ta yi araha yana zaune a Kalifoniya. Malamin firamare da ke Ribah, wanda kan duba sauran datarsa kafin ya buɗe shafi, ba a nemi jin ta bakinsa a zama na farko ba, ba a kuma nema a na biyu ba.

Ribah ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, a Masarautar Zuru, kudu maso gabashin Jihar Kebbi. Baya ga manoma da 'yan kasuwa, gari ne na ma'aikatan sakatariya da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da masu POS, da ɗaliban da ke neman gurbi a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ko a can Sakkwato. Duk wanda zai duba sakamakon jarrabawa, ko ya cike fom ɗin neman aiki, ko ya binciki sunan maganin da aka rubuta masa a asibiti, ta ƙofa ɗaya zai bi, wato burauza, manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita. Amma da wuya a sami wanda ya zaɓi tasa da kansa. Mutum ya sayi Tecno ko itel ko Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar China, ya tarar da Chrome a ciki, sau da yawa da Phoenix a gefenta. In yaron shago ne ya haɗa masa wayar, ya ƙara masa da Opera Mini. Daga ranar har wayar ta mutu ba a sake waiwayar maganar.

Manomin da bai san wannan ba, ba shi da laifi. Wanda ya cancanci tuhuma shi ne mai ilimi, mai digiri da katin shaidar aiki, wanda in aka tayar masa da batun sirri a intanet sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa. Wannan amsa ta yi kama da wayewa, amma baƙuwa ce a bakin Bahaushe. Al'ummar da babbar addu'arta ita ce Allah ya rufa asiri ba ta taɓa ɗaukar sirri a matsayin mafakar mai laifi ba. Wanda ya gina zaure a ƙofar gidansa, ko ya kewaye shi da zana, ba kayan sata yake ɓoyewa ba. Iyaka ya shata tsakanin abin da na jama'a ne da abin da na iyali ne, shi ya sa baƙo kan tsaya ya yi sallama. Hausawa ma sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mutumin da zai ji kunya a karanta takardar albashinsa a majalisa, ko a faɗi cutar matarsa a tasha, shi ne yake cewa bai damu ba don wani kamfani ya san ya kwana yana binciken alamomin ciwon suga, da hanyar samun bashi, da kuɗin filaye a Zuru.

A Danko/Wasagu kuwa maganar ta wuce ta kunya. Yanki ne da ya yi iyaka da Zamfara, wanda ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma mutanensa sun san tsadar kalma ɗaya da ta faɗa kunnen da bai kamata ba. Babu mai hankalin da zai yi shelar ya sayar da shanu ko an biya shi kuɗin sallama. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a faɗin Zamfara, da nufin raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Ko ba komai, hukuma da kanta ta yarda cewa waya al'amarin tsaro ce. Ba ana cewa ɗan bindiga yana sayen bayanai daga hannun Google ba ne. Haɗarin ya fi haka kusa da gida: wayar da aka bari wurin mai caji babu makulli, wayar da ta kwana wurin mai gyara, kwamfutar kafe da aka shigar da imel a cikinta aka tashi ba a fita ba. Burauzar da ta adana kalmar sirri da tarihin duk inda aka shiga za ta miƙa su ga duk wanda wayar ta faɗa hannunsa, ba tare da ta tambayi ko wane ne ba.

Ko da mai ilimin ya yafe nasa sirrin, ba shi da hurumin yafe na wasu. A wayar ma'aikaciyar lafiya akwai sunayen masu juna biyu da sakamakon gwaji. A ta malamin makaranta akwai hotunan ɗalibai da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu. Mai POS da mai kafe kuwa, lambobin NIN da BVN na rabin unguwa sun ratsa ta hannunsu. Wannan amana ce, kuma tun daga 12 ga Yunin 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, ta zama amanar da doka ta san da ita. Cewa "ba ni da abin ɓoyewa" daga bakin irin waɗannan mutane daidai yake da mai ajiya ya bar ƙofar shago a buɗe saboda kayan ciki ba nasa ba ne.

To mene ne a cikin manhajojin da aka tarar a wayar? Opera Mini ce ta fi cancantar a yi mata adalci, domin ta yi wa talakan Afirka hidimar da babu wata burauza da ta yi. Tun fitowarta a 2005 daga Oslo ta ƙasar Norway, dabararta ɗaya ce: maimakon waya ta je ta ɗauko shafi da kanta, manyan kwamfutocin kamfanin ne ke ɗaukowa, su matse shi, su aiko da shi ƙarami. Kamfanin na cewa tsimin kan kai kashi 90 cikin 100. Da wannan dabara ce ƙananan wayoyin Nokia suka shigar da dubban 'yan Arewa intanet a karon farko, kuma inda sabis ke rawa har yau ita ce kan buɗe shafin da sauran suka gaza. Sai dai dabarar tana da farashi. Mai matse saƙo dole ya buɗe shi. A tsarin tsimi mafi tsanani, kullin da ke kare shafi yana kwancewa ne a kwamfutar Opera kafin a sake ƙulla shi zuwa waya, abin da kamfanin bai taɓa ɓoyewa ba. Kamar mai ba direban mota wasiƙa ne ya ce ya cire ambulan ɗin don ta yi sauƙin ɗauka. Direban na iya zama mutumin kirki, amma wasiƙar ta bi ta idonsa. Don karanta labarai, wannan ciniki ne mai kyau. Don shiga shafin banki ko na ma'aikata, ganganci ne.

Ya kamata kuma a san wane ne direban. A 2016 wani gungun masu zuba jari na China ya sayi sashen burauzar Opera a kan kusan dala miliyan 600, kuma kamfanin Kunlun Tech ne ke da rinjayen hannun jari, ko da yake hedikwatar tana nan a Oslo ƙarƙashin dokokin Turai. A cikin shekarar ne aka kutsa kwamfutocin da ke adana bayanan masu asusun Opera, har kamfanin ya soke kalmomin sirrinsu ya ce kowa ya sake sabuwa. Daga gidan Opera ne OPay ta fito. A Janairun 2020 kamfanin bincike na Hindenburg ya zargi Opera da gudanar da manhajojin bashi masu tsananin ruwa a Kenya da Indiya da Najeriya, zargin da kamfanin ya musanta. Matsalar ba ta ƙasar da mai kamfani ya fito ba ce. Ɗan kasuwar Amurka bai fi na China tausayi ba. Abin lura shi ne kamfanin da ke ba da burauza kyauta, har da kyautar data a wasu lokuta, yana da wata hanyar da yake mayar da kuɗinsa, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai, ya tuna UC Browser, wadda ta taɓa cika wayoyin matasa saboda saurin sauke bidiyo. A Mayun 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta nuna cewa manhajar na aika lambobin shaidar waya da na layi da abin da mutum ya bincika ba tare da kariyar kirki ba. Indiya ta haramta ta a Yunin 2020. A Agustan shekarar kuma aka bayyana cewa an sami dubban wayoyin Tecno W2 a wasu ƙasashen Afirka ɗauke da muguwar manhaja tun daga kwali, wadda ke yi wa masu wayar rajistar biyan kuɗi a ɓoye tana cinye musu data. Transsion ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya, ya kuma ce ya fitar da gyara. Zuwan abu a cikin sabuwar waya bai zama shaidar tsarkinsa ba.

Chrome dabam ce. Wajen kare mutum daga ɓarayin intanet da shafukan bogi, tana cikin mafi ƙarfi, kuma ana sabunta ta a kai a kai. Illarta ita ce mai gidanta. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar Google daga talla yake, talla kuwa ba ta tsada sai an san wanda ake yi wa ita. Ana bibiyar mutum ne musamman da kukis, wasu 'yan alamomi da shafi kan ajiye a waya don ya gane mai ita in ya dawo. Na shafin da aka shiga suna da amfani, su ne ke hana a riƙa tambayar kalmar sirri kowane minti. Na kamfanonin talla kuwa kamar wanda ya shafa wa mutum alli ne a bayan riga a kasuwar Ribah, sannan ya aika yaransa su gane shi a Bena da Wasagu da Zuru, suna rubuta rumfar da ya tsaya da abin da ya taya. Safari ta Apple ta toshe irin waɗannan tun 2020, Firefox ma ta killace su. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa zai kawar da su daga Chrome cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, daga bisani a Yulin 2024 ya janye alkawarin.

Akwai kuma ruɗin Incognito, wanda da yawa ke ɗauka layar zana ce. A 2020 aka kai Google ƙara a Kalifoniya kan cewa yana ci gaba da tattara bayanan masu amfani da wannan tsari, kuma a Afrilun 2024 takardun sulhu suka nuna ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara. Incognito ba ta ɓoye mutum daga shafin da ya shiga, ko daga kamfanin layinsa. Babban abin da take yi shi ne ta share sawu daga na'urar da aka yi amfani da ita. Wannan ɗan aikin kuwa, a garin da ake aron waya ake kuma layi a kafe, ya fi ƙarfin a raina shi: duk wanda zai taɓa imel ɗinsa a kwamfutar da ba tasa ba, nan ne wurin amfaninta.

Me ya sa kamfanoni ke kokawa a kan manhajar da suke bayarwa kyauta? Shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google ta ba da amsa da alƙaluma. An bayyana a kotu cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 ga masu ƙera waya da masu burauza da kamfanonin sadarwa, domin injin bincikensa ya zama shi ne wanda mutum zai tarar an riga an saita masa. A Agustan 2024 mai shari'a Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya kare mamayarsa ta hanyar da ta saɓa doka. Babu ɗan kasuwar da zai zuba irin wannan dukiya sai don ya tabbata yawancin mutane ba sa canza abin da suka tarar. Kasalar da mai ilimin Ribah yake kira rashin abin ɓoyewa, an riga an yi mata kuɗi.

Sai dai masu wa'azin sirri na ƙasashen waje su ma ba su taimaka ba, kuma 'yan bokon da ke kwafo shawararsu ɗungurungum sun fi su laifi. Za a ji ana cewa a koma Tor, a sayi VPN na wata-wata da dala, a kashe kaza a kunna kaza. Tor tana zagaya da saƙo ta kwamfutoci uku kafin ya isa, don haka a inda sabis ke da sanda ɗaya ko biyu, mutum zai gaji ya koma inda ya fito kafin shafin farko ya buɗe. VPN na kyauta, irin waɗanda aka yi rububinsu lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sauya mai leƙe ne kawai: an ɗauke ido daga kamfanin layi an miƙa wa wani da ba a san ko wane ne ba. Shawarar da ba za ta yi aiki a waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da datar naira ɗari biyar ba, ba shawara ce ga mutumin Ribah ba.

Abin da ɓangarorin biyu suka kasa gani shi ne, a irin wannan wuri sirri da tsimi tafiyarsu ɗaya. Tallace-tallace da manhajojin bibiya ba iska ba ne, data suke ci, kuma mai waya ne ke biya. A 2015 jaridar New York Times ta gwada manyan shafukan labarai 50 a waya, ta tarar fiye da rabin datar da suka ci ta tafi ne ga talla da makamantanta. Ke nan wanda ya toshe masu bibiya ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Firefox ta Android tana karɓar ƙarin manhajar uBlock Origin, wadda ke tare su kafin su sauko. Chrome ta waya ba ta karɓar irin wannan ƙari ko kaɗan, ta kwamfuta ma sababbin ƙa'idojin Google sun fitar da cikakkiyar uBlock Origin daga cikinta. Brave tana zuwa da toshiyar a jikinta, kuma a binciken da Farfesa Douglas Leith na Kwalejin Trinity da ke Dublin ya fitar a 2020, ita ce ta fi ƙarancin aika bayanai gida cikin burauza shida da ya gwada. Tana da wata fa'ida ta daban ga ɗan Najeriya: a kan injin Chromium aka gina ta, wanda Chrome ke kai, don haka shafukan hukuma da aka ƙera da Chrome a zuciya, irin wanda ɗalibai ke duba gurbin karatu na JAMB a ciki, yawanci ba sa yi mata gardama.

Babu waliyyi a cikinsu. A Yunin 2020 an kama Brave tana liƙa lambar kamashonta a adireshin wasu shafukan kuɗin kirifto, har shugabanta Brendan Eich ya ba da haƙuri, kuma har yanzu tana zuwa da tarkacen kirifto da sai mutum ya kashe su da hannunsa. Mozilla, mai Firefox, mafi yawan kuɗin shigarta daga Google yake fitowa, kuma a Fabrairun 2025 ta jawo wa kanta surutu da ta goge alkawarin da ta daɗe tana yi cewa ba ta sayar da bayanan mutane. Firefox kan kuma yi nauyi a ƙananan wayoyi. Duk da haka, bambanci tsakanin mai gadin da ke da aibi da mai gadin da albashinsa ya dogara ga ba da rahoton masu gida ba ƙarami ba ne. Abin da hankali zai ɗauka ga ma'aikacin da ke riƙe da bayanan mutane shi ne ya raba ƙafa: Opera Mini don karatu in sabis ya yi rauni, Brave ko Firefox don duk inda za a rubuta kalmar sirri ko lambar wani, makulli a fuskar waya, sannan a daina amsa "to" duk lokacin da kwamfutar ofis ko ta kafe ta nemi adana kalmar sirri. Aikin minti goma ne, kuma ba ya cin ko kobo baya ga datar saukewa.

Akwai ƙorafi ɗaya mai nauyi da bai kamata a tsallake ba. Ƙananan jaridun Hausa na intanet da talla suke rayuwa, kuma in kowa ya toshe, wa zai biya ɗan rahoton da ke Birnin Kebbi? Gaskiya ne. Amma duka manhajojin biyu suna ba da damar a ɗage toshiyar ga shafin da mutum ya yarda da shi, kuma mawallafin da ya cika shafinsa da tallan caca da bidiyon da ke kunna kansa, har labari mai sakin layi huɗu ya cinye datar yini, shi ya fara karya yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai karatu.

Burauza kuma ba ta maganin komai. Ba za ta hana manhajar bashi kwashe lambobin da ke cikin waya ta aika wa surukai saƙon cin mutunci ba, laifin da ya sa NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a 2021. Ba ta da iko a kan abin da ya zube daga rumbun hukuma, kamar yadda ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna a 2024 cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100. Wannan aikin masu doka ne, kuma sun nuna suna da haƙora in sun ga dama: a Yulin 2024 hukumar kare masu saye, FCCPC, bayan bincike tare da Hukumar Kare Bayanai, NDPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafi ta kuma tabbatar da ita a Afrilun 2025.

Hukumar da ta iya wannan za ta iya abin da ya fi shi sauƙi. Tun Maris na 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa Google da Apple su nuna wa mai waya jerin burauza ya zaɓa da kansa. Indiya ta ci Google tara a 2022 kan yadda yake ɗaure masu ƙera wayoyin Android, kuma daga baya kamfanin ya ba 'yan ƙasar damar zaɓar injin bincikensu tun wajen kunna sabuwar waya. Najeriya, mai mutane sama da miliyan 200, tana cikin manyan kasuwannin Transsion, tana da dokar gasa da ta kare masu saye tun 2019, NCC kuma ita ke ba kowace irin waya lasisin shiga kasuwa. Sharaɗi biyu sun isa a fara da su: a tambayi mai saye burauzar da yake so ranar da ya kunna wayar, a kuma ba shi ikon goge duk manhajar da ya tarar a ciki. A yawancin wayoyin da ake sayarwa a Ribah yau, iyakar abin da mutum zai iya yi wa Chrome shi ne ya dakatar da ita. Maɓallin gogewa babu shi.